Maiwada da Ƙwan Rijiya

Har yau a wasu ƙauyukan Kanan Bakashe, in guga ya fito da abin da ba ruwa ba, ko tsohon takalmi ko mataccen ƙadangare, sai ka ji mata sun ce, "Maiwada ya wuce ta nan." Yawancinsu ba su taɓa sa shi a ido ba.

Abin ya faru ne a bazarar da ta biyo bayan farin tamanin da huɗu. Wani lutanan na soja ya sauka a wani ƙauye, ya sa aka tara jama'a bakin rijiya, cikin rana tsaka. Ya zo ne ya nuna musu cewa rijiyarsu na da ruwa, don haka ba wanda zai kwashe kaya ya yi kudu, kowa ya zauna ya yi noman rani a garka. Ya yi jawabi da Faransanci, tafinta na juyawa, maigari na gyaɗa kai ga abin da bai kai ga ji ba tukuna. Sannan ya ce a zura guga.

Guga ya yi ta tafiya har igiya ta kusa ƙarewa. Da aka jawo aka zazzage gaban takalman lutanan, sai ga ƴar laka da ba ta cika tafin hannu biyu ba, da wani ɗan farin abu mai zanen ɗigo-ɗigo a tsakiyarta. Wata tsohuwa ta leƙa, ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Rijiya ta yi ƙwai."

A zamanin nan ba a dariya gaban kaki. Amma mutanen da suka daɗe ba su ƙoshi ba, ba su da ƙarfin riƙe dariya. Ana cikin haka sai wani dogon mutum ya kutso cikin taron, da hular hana-salla a ka da sandar ƙarfe a hannu, ya ce, "Gafara dai. Ƙwallona ne."

Wannan shi ne Maiwada, ɗan maƙeran Hawandawaki. Ya gaji ƙira, ya kuma gaji zuciyar gidan: kamar wutar maƙera take, da an ɗan taɓa zuga-zugi ta tashi. Yakan yi faɗa da kaza in ta gifta masa, yakan yi faɗa da rediyo, kuma shi ke yin nasara don yana iya kashe ta. Tun yana saurayi ya tafi cin rani Najeriya, ya ƙi dawowa. A can wani babban gari ya sami aikin ɗaukar jakar sanduna a filin golf, wasan nan da manya ke bugun ɗan ƙwallo da sanda mai ƙafar ƙarfe, su bi shi a hankali, su sake bugu, har ya faɗa wani ɗan rami. Turawa da manyan hafsoshi ke wasan, shi yana biye da kaya a kafaɗa. A hankali hannunsa ya faɗa. Da wani Bature zai koma gida, ya bar masa sanda ɗaya da ƙwallo ɗaya, Maiwada kuwa ya riƙe su kamar wanda aka ba sarauta.

Abu ɗaya ya rage masa a gida wanda yake kira nasa: saniyar da mahaifiyarsa Rakiya ta bar masa, Wule, mai farin goshi. Tun tana karsana ya ba abokinsa Gidaɗo ita, wani Bafillace da ke kiwo wajen Isawan, bisa al'adar da ake ce wa habbanaye. Ka ba mutum saniya ya riƙe, ya sha nononta, ƴaƴan da ta haifa nasa ne, sai ta haihu uku sannan ya maido maka da uwar. Kafin lokacin, mai saniya ba ya tambayar ta. Wanda ya karɓe habbanaye kafin ta cika, ya ce wa abokinsa ban yarda da kai ba, kuma duniya za ta ji. Wule sau ɗaya ta haihu.

Sai saƙo ya iske Maiwada ta bakin wani ɗan kasuwa: shanun arewa na kwanciya ba sa tashi, Gidaɗo ya ce a gaya masa. Iyaka a rufe take lokacin, amma babur ba ya neman izini wajen daji. Ya ɗauki hutu, ya ɗaure sandarsa a baya, ya biyo ta hanyar rairayi har Hawandawaki.

Wansa Gazali yana maƙera zaune, ba aiki, don ba wanda ke neman hauya.

"Madalla da ka zo," in ji Gazali. "Ka kwana ka wuce, ka amso saniyar Inna tun tana da numfashi."

"Ni? In amshe habbanaye kahin ta cika? Don Bafillace shi yi ta yawo da ni kasuwa-kasuwa? Hutu na zo."

"Hutu? Cikin wagga shekara?"

"Mi ya samu shekarar? Turawa in sun yi hutu, mota suke shiga su bi gari-gari suna wasa. Ni ma haka za ni yi. In hanya ta bi da ni Isawan, to, ta bi."

Gazali ya dube shi, ya dubi sandar, ya ce Allah shi kyauta. Ya san ƙanensa: cikinsa na ci da wuta saboda Wule, amma gara a yanka shi da a ce ya je ƙwace.

Don ya tabbatar wa garin da maganarsa, Maiwada ya fara da gonar mahaifinsu. Ya tara ɗan rairayi, ya ɗora ƙwallo, ya buga. A filin da ya saba, ciyawa ke tare ƙwallo. Nan ba abin da ya tare shi. Ko kututturen kara babu, an tone an ba dabbobi. Ƙwallo ya sauka ya yi ta gangarawa, ya ƙetare gonarsu, ya ƙetare ta maƙwabci, ya wuce ta liman, kuma duk nisan nan ana hango shi fari fat, kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho. Wannan gonar ce da yake yaro, in akuya ta shige ta da damina sai a wuni ana nema.

"Kai, bugu ya yi kyau!" in ji wani mai kallo.

Maiwada ya juyo kamar zai cinye shi. "Kyau? Uban wa ya ce maka ya yi kyau? Hilin da nike aiki, safe da marece ruwa ake ba ciyawa, a aske ta kamar kan ango, ba don wata dabba ta ci ba, don ƙatti su taka. Nan gonar da ta ciyar da mu ta koma faranti, kana ce mini kyau!"

Mutumin ya ce shi dai bugun ya yaba. Maiwada ya ce ya riƙe yabonsa.

A Tasawa ya zaɓi wani tafki da ke bayan gari. Ya ƙafe ƙaf, ƙasar ta tsattsage, ƙwallo na tsalle a kai kamar kan siminti. Gefen tafkin cike yake da mutanen da suka gangaro daga arewa, sun kafa tabarmi da tsummoki suna jiran rabon tsaba. Da mata suka ga mai babur da hula da ƙarfe mai ƙyalli, suka ɗauka ma'aikacin rabo ne, suka yanyame shi da ƙore. Ya daka musu tsawa, ya ce shi ba kowa ba ne, wasa ya zo yi. Wata mai goyo ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta juya. Ya fi son da ta zage shi. A ƙetaren tafkin mahauta ne ke karɓar shanun da suka zama ƙashi da fata, suna yankawa suna shanya naman a igiya. Ya tsaya yana duba goshin kowace saniya. Da ya gama, ya bi bayan mai goyon ya juye mata guzurinsa duka, yana faɗa, wai ƙullin ya dame shi da nauyi.

Duk mai hankali daga nan zai miƙe Isawan ba tsayawa. Maiwada kuwa sai ya ga idan ya yi sauri za a gane. Ya ratsa Gulbin Kaba a hankali, yana tsayawa cikin goriba yana bugu. Wannan filin, in ji shi daga baya, ya fi kowane yawan ramuka, kuma ba shi ya haƙa ko ɗaya ba. Mata ne suka tone gidajen tururuwa suna kwashe ƴar tsabar da ƙwarin suka tara.

"Can mutum guda aka ɗauka aiki don shi gyara ramu," in ji shi. "Nan uwayenmu ke haƙa su da hannu, suna ƙwace abincin tururuwa. Rediyo kuma na cewa ba yunwa, ƙarancin cimaka ne. To, ta zo ta gaya wa tururuwa."

Haka ya iso ƙauyen nan na Kanan Bakashe. Ya tsaya neman ruwa, sai wani dattijo ya ce masa, "Sannu baƙo. Kai ma arewa za ka amso dabbobinka? Kowa haka yake yi yanzu, ba kunya ba ce."

Da dattijon bai ƙara wannan ta ƙarshe ba, da an rabu lafiya. Maiwada ya zare sanda, ya ce shi mai hutu ne, a matsa a ba shi wuri. Ya buga. Ƙwallo ya gangara kan ƙasar da kofato ya daka ta yi sumul, ya nufi rijiya, ya haye bakinta da igiya ta cinye, ya faɗa. A duk shekarunsa na golf bai taɓa jefa ƙwallo rami da bugu ɗaya ba sai ran nan. Yana tsaye yana tunanin wanda zai ara masa igiya, sai ga ƙurar motar lutanan.

Lutanan bai yi ihu ba. Ya sa hannu ya ɗauki ƙwallon cikin laka, ya jujjuya shi.

"Naka ne?"

"Nawa ne."

Ya sake shi cikin rijiyar. "To, bi shi. Kuma kada ka fito sai ruwa ya fito."

Aka bar gardi ɗaya, wani dogarin gwamnati, ya tsare shi. Kullum da safe a ɗaura masa igiya a ƙugu a zura shi, ya yi ta yasa, ana jawo laka. Mutanen ƙauyen sun ce ba su taɓa jin rijiya mai zagi ba sai lokacin. Daga can ƙasa murya ke tasowa, tana zagin laka, tana zagin Baturen da ya ba shi sanda, tana zagin sama da ta hana ruwa sannan ta nemi gafarar Allah, tana zagin masu ba ciyawa ruwa. Kaki kaɗai ba ya ambata da suna, sai ya ce "waɗanda aka sani", gardi kuma ya yi kamar kunnensa ya toshe, don shi ma gidansu ba hatsi. Da mata suka tambaye shi wace ce Wule da yake kira in ya gaji, ya ce wata budurwa ce, ba ruwansu.

Kwanaki suka tafi. Ruwa ya ɗan tsatso, mai launin kunu, amma ruwa ne. Aka sake shi da ƙwallonsa a aljihu. Daga nan bai ƙara tsayawa wasa ko'ina ba.

Arewacin Isawan ba sai ka tambayi hanya ba, ƙasusuwa ke nuna maka. Ya sami rugar Gidaɗo, in za a kira ta ruga. Bukka ɗaya ce, ita ma tsirara, an zare ciyawar rufinta an ba dabba. Ƙarƙashin wata aduwa Wule na kwance, ƙashin bayanta kamar an rataya zane a kan turaku. Ta ɗago farin goshinta ta dube shi.

Maƙeri da Bafillace abokan wasa ne tun kakanni, ba sa gaisawa sai da tsiya. Gidaɗo ya taso, ya rame har rigarsa na neman wanda zai sa ta.

"A'a, bawana maƙeri. Mi ya kawo ka? Ka zo ka ga ko na cinye saniyarka?"

"Wa ke ta saniya? Hutu nike. Hanya ce ta biyo da ni."

"To, madalla. Mu ma hutu muke, ka ga ko shanu mun sallama."

Da an bar su, da haka za su yi ta yi har saniyar ta mutu tsakaninsu. Halimatu matar Gidaɗo ce ta fito daga bayan bukka da ƙwaryar anza, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci da ake jiƙawa a ci in hatsi ya ƙare. Ta dire ƙwaryar gaban Maiwada har ruwan ya fantsama.

"Ci, mai hutu. Ni ba abokiyar wasanka ba ce, don haka ka saurara. Tun sanyi muka aika maka. Kowa ya yi kudu, ƙanen mijina ya kora shanun da ke iya tahiya. Wannan ba ta iyawa, shi kuma mijin nawa ya ce ba shi barin ta, ba shi sai da ta, ba shi yanka ta, sai mai ita ya zo ya buɗe baki. Ɗan maraƙinta, namu, da shi muke taƙama, ya hana mishi dusa ya ba uwar, har ya mutu. Muna nan muna duban hanya, sai labari ya riga ka isowa: wai ga wani maƙeri can yana bugun ƙwai gari-gari. Shi kunya ta hana shi tahiya, kai kunya ta hana ka zowa. Ku biyu ku tara kunyarku ku ba ta ta ci, mu gani ko za ta tashi!"

An ce wannan ne karo ɗaya a rayuwar Maiwada da aka yi masa faɗa bai rama ba. Ya juya kan Gidaɗo, don dole wutar ta sami inda za ta ci.

"Kai kuma wane irin sakarai ne? Saniya guda za ka kashe iyalinka a kanta?"

"Ba saniya guda ba ce. Saniyar Inna Rakiya ce. Ka ce a yanka, yanzu in kira mahauci."

"Wanda ya kawo wuƙa nan, da shi za a fara."

Saniyar da yunwa ta kayar, in ta wuni kwance ba ta ƙara tashi. Dole kowace safiya a ɗaga ta ta tsaya da ƙafafunta. Da ana samun maƙwabta su taimaka, yanzu duk sun watse, sandar kiwon Gidaɗo kuma ta tsage wajen wannan aikin. Maiwada ya dubi hagu ya dubi dama, ba itacen kirki ko ɗaya. Ya je ya kwance sandar golf daga babur. Suka zura ta ƙarƙashin cikin Wule wajen ƙafafun baya, shi ya kama kan ƙarfen, Gidaɗo ya kama mariƙin, Halimatu ta ja igiyar ƙaho.

"Ɗaga, Bafillace! Ko nonon da ka sha duk na banza ne?"

"Ni nike ɗagawa, kai zagi kake!"

Wule ta yi nishi, ta turje, ta miƙe tana rawa. Da suka zaro sandar, ta lanƙwashe kamar lauje. Maiwada ya dube ta, ya ce daman Bature ba ya ba ka abu mai ƙwari.

Bai koma bakin aikinsa ba. Hutu ya ƙare, wani ya gaji jakar. Ya kai babur kasuwa ya dawo a ƙasa, da jaki biye ɗauke da dusa da angurya da ɗan gero. Sandar kuwa ta sami sabon aiki: lanƙwasar ta yi daidai da saƙalo reshen gawo, ya yi ta kaɗo ƴaƴan yana tarawa a riga. Kowace safiya su ɗaga Wule, kowace safiya su yi faɗa. Rannan da hantsi suka fito da sanda, suka tarar ta tashi da kanta tana lasar bangon bukka. Gidaɗo ya ce don ta gaji da jin muryar maƙeri ne.

Ruwa ya sauka a daminar tamanin da biyar. Da ciyawa ta kai gwiwa, Maiwada ya fito da ƙwallonsa, ya ce a matsa. Lanƙwasasshiyar sanda ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba. Ƙwallo ya tashi ya yi gefe, ya faɗa cikin ciyawa. Ya nema, Gidaɗo ya taya shi, Halimatu ta ce ita tana da aikin yi. Ba a gan shi ba har yau. Maiwada ya bar Wule a rugar ta cika haihuwarta, ya dawo Hawandawaki a ƙafa, ya zauna gefen wansa a maƙera.

Nan ya tsufa, yana ƙera hauya yana faɗa da rediyo. Sandar na rataye a bango. Sau ɗaya Gazali ya ce a sa ta wuta a miƙe ta, aikin ɗan lokaci ne, sai da maƙwabta suka shiga tsakani.

Ranar sunan wata jikarsa, wadda aka sa wa Rakiya, Gidaɗo ya zo da ƙwaryar nono, ya tsufa shi ma, bakin nan dai bai tsufa ba. Ya bari sai da aka yi shiru ana rabon goro, sannan ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku tambayi bawana, shi da ya yi yawon duniya da sanda. Maƙeri, cikin hilayen da ka buga, wane ya hi? Ko rijiyar da ka sa ta yi ƙwai?"

Aka fashe da dariya. Maiwada ya tofar da goron bakinsa, ya nuna shi da yatsa.

"Na Turawa ruwan mutane yake sha. Na Hawandawaki da na Tasawa da na Gulbin Kaba, Allah kada Shi sake nuna muna irinsu, hilin da za ka hango ƙwallonka daga nesa ba hili ba ne, masifa ce. Guda ɗaya na taɓa gani na kirki, wanda na buga sau ɗaya ciyawa ta haɗiye. Kuma kada ku ga ina cewa ciyawa. Wanga Bafillacen ne ya tsince shi, na sani. Yana can kwance a kai tun shekarar, yana jiran shi ƙyanƙyashe mishi saniya."